Ƙoƙon Gwamma da Ƙodar Arzika

Da sunan Allah mai jinƙai nake buɗa baki. Ku matso, mata, ku ji abin da idona ya gani. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, bakina ke faɗi, wata malama maƙwabciyata ke rubutawa, kuma na ce mata kar ta gyara mani magana. Labarin jinyar jikana ne, Arzika, ɗan ɗiyata Jimma. Yaron shina raye, ga shi can shina korar awaki, kar gaban kowa ya faɗi. Amma ƙoda guda ke riƙe da shi. Kuma ranar da munka gano mafarin abin, akwai wani ɗa kwance cikin uwarshi, shina shan abin da wanshi ya sha. Wannan na cikin shi na yi ma yaƙi.

Mu nan Arewa, a gari guda za ka iske mai salla, da mai zuwa coci, da mai riƙe da abin kakanni, kuma muna aurayya ba mu tambaya da yawa. Jimma ta auri Nomau, manomi, a wani ƙauye cikin ƙasar Tibiri, tafiyar hantsi daga namu. Uwarshi Gwamma burkutu take dafawa. Da shi ta ci da 'ya'yanta bayan mijinta ya rasu, da shi ta yi masu aure, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ta cuce shi ba. Na faɗi wannan tun da fari don kar wani ya ji labarina ya tafi shina zaginta.

An haifi Arzika ɗan ƙarami, har ungozoma ta ce a riƙa sa shi cikin zane biyu. Ya girma a hankali, masassara ba ta barin shi ya yi wata uku lafiya. Kowane karo a ce sauro ne, a sayi ƙwaya wurin masu yawo da magani a tire, ya ji dama, a manta. Ni kuwa in na je sai in ce mashi, "Maigida, wane irin miji ne kai, kullum kwance? Sake ni in nemi mai ƙarfi." Shi ko ya ce, "Tafi, tsohuwa, wa ke son ki?"

To, ana nan, daminarshi ta biyar ta wuce, an gama yankan hatsi, sai Jimma ta aiko in zo. Na iske shi jikinshi kamar murhu. In zai yi fitsari sai ya riƙe mara shina kuka, fitsarin kuwa ya yi kauri kamar ƙasari, ga wari. Munka kai shi likitar ƙauye. Majo, babban ma'aikacin wurin, ya soki yatsarshi ya duba, ya ce wanga karo ba sauro ba ne, ya ba da maganin ruwa. Ya sha, ya tashi, har ya ci tuwo. Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba sai masassara ta dawo, kuma da safe in ya farka sai ka ga idanu sun kumbura kamar wanda zuma ta harba.

Nan fa shawara ta yi yawa. Wata ta ce doguwa ce ta shafe shi gindin tsamiyar bakin rijiya, a kira masu goge a tambaya. Wani ya ce saiwar kalgo da jar kanwa. Wata ta ce rubutu. Na amshi rubutun, don sunan Allah ne, sauran na ce a dakata. Na taɓa ganin kumburin fuska irin wanga ga wani yaro a garinmu tun ina da ƙuruciya, kuma na san inda ya ƙare. Na ce ma Jimma ta faɗa ma mijinta gobe Dogon Dutsi za mu. Nomau ya zo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can bakin zaure, kanshi ƙasa, ya ce, "A ce ma Inna duk abin da ta gani shi za a yi." Ya sayar da akuya da ɗan hatsi, munka hau amalanke zuwa bakin hanya, munka tari mota.

A Dutsi ina da ɗa, Sani, wan Jimma, shina da shago cikin kasuwa, shina cikin samarin nan masu gemu da ɗagaggen wando. Yaron kirki ne, sai dai bakinshi ya fi hankalinshi sauri. Ya iske mu cikin layi bakin likita, rana ta take, yaro na kafaɗata, sai ya fara: "Inna, ai tun ranar aurenga na faɗa maku, gidan da ake dafa..."

Na ce, "Sani, in wa'azi ka kawo, aje shi waje wurin masu babur. In hannu ka kawo, amshi ɗan ƙanwarka, kafaɗata ta mutu."

Ya amshe shi. Kuma wallahi daga ranar har munka fita, abincinmu daga gidanshi yake zuwa, takardar magani kuwa kafin in juya ya kai ta farmasi. Allah shi yi mashi albarka.

Mun kwana a likitar Dutsi sama da mako. An ɗebi jini, an ɗebi fitsari cikin 'yar kwalba, an ɗaura mashi ruwa a hannu, allura safe da marece. Ban da abin faɗi a kan ma'aikatan sai godiya, don mutum biyu ke aikin mutum goma. Abin da na yi kuka da shi shi ne tsadar magani, da layin da za ka bi tun sanyin safiya har inuwa ta gudu ta bar ka. Wata Bazabarma da ke jinyar ɗiyarta gado na kusa da namu, ba ta jin Hausa sosai, ni ba ni jin Zabarmanci, amma tabarma guda munka riƙa kwana, in na fita ita ke kore mashi ƙuda. Masassara ta sauka, fitsari ya washe. Amma da sunka ɗaura mashi abin awo a dantse, sai na ga sun sake, sun kuma sakewa. Sunka ce tansiyo gare shi, jininshi ya hau. Na ce, "Tansiyo? Ciwon alhazan kasuwa? Wanga da ko wandon kirki bai fara sawa ba?" Sunka ce shi ya sa za su tura mu Doso a yi mashi eko, wato a duba cikinshi da na'ura.

A Doso wata lokotoro munka samu, wato dakta, mace, siririya, Hausarta irin ta wajenmu. Ta kwantar da shi cikin ɗaki mai duhu, ta shafa mashi wani abu mai yauƙi a kwiɓi, tana goga, tana kallon wani gilashi kamar telebijin. Ni ban ga komai ba sai hayaƙi-hayaƙi. Ta daɗe. Sannan ta ce, "Iya, matso. Kin ga wagga? Ƙodar dama ce, tana aiki, ita ke ɗauke da shi. Ta hagu kuwa ga ta nan, 'yar mitsitsiya. Ba ciwon bana ya cinye ta ba. Tun a ciki ba ta girma ba."

Maganar da ta biyo baya na riƙe ta kamar karatu. Ta ce ƙoda kamar rariya take, tana tace jini. A cikin uwa ake saƙa ta, in an haifi yaro an rufe saƙa, ba a ƙara ko ido guda. Wanda tashi rariyar ta zo da ƙaranci, shi ne za ka ga ciwon fitsari na yawan kama shi, jininshi na hawa tun shina ƙarami.

Ta juya ga Jimma, ta riƙa tambaya a hankali. Wane magani ta sha da cikinshi? Tana da ciwon suga? Akwai mai ciwon ƙoda a dangi? Tana shan giya?

Jimma ta ce, "A'a wallahi, ni ba ni sha."

Kuma gaskiya ta faɗa yadda ta san ta, don ban taɓa ganin ɗiyata ta zauna da ƙoƙo nata na kanta ba.

"Wane aiki kike yi a gida?"

"Ina taya surukata. Ni ke zuba ma mutane."

Lokotoro ta aje abin da ke hannunta. Ta ce, "In kin zuba, kina kurɓa kafin ki miƙa?"

"Ai tilas ne. Wa zai amsa in ba a kurɓa ba?"

Ga wanda bai sani ba, haka al'adar gidan burkutu take a wajen. Duk wanda ya sayi ƙoƙo, mai zubawa sai ta fara kai bakinta ta haɗiye a gabanshi, ya tabbata ba a sa mashi sammu ba. Ba a ɗaukar wannan a bakin sha. Ladabin sana'a ne, kamar yadda mai fura ke wanke ludayi gaban mai saye.

"Ranar kasuwa ƙoƙo nawa kike miƙawa?"

Jimma ta yi 'yar dariya. "Wa ke ƙirga? Tun hantsi har a daina ganin fuska."

"Da cikin wanga yaro ma haka?"

"Da cikinshi ne ma na fara. Da can aikina ɗaukar ruwa da itace da tuƙin tukunya. Da na samu ciki sai Inna Gwamma ta ce aikin ya yi mani nauyi, in zauna a inuwa in riƙa zubawa."

Kun ji fa. Tausayi ne. Matar nan ta ɗauke ma sarakuwarta tulu da wuta, ta ba ta kujera a inuwa, kuma duk garin sun yaba mata, har da ni.

Lokotoro ta ce, "Ba ni iya rantsuwa cewa giyar ce kaɗai. Akwai yaran da ake haifa haka, uwarsu ko warinta ba ta sani ba. Amma abin da mai ciki ta haɗiye, ɗan ciki ya haɗiye, kuma giya na iya taɓa ƙoda lokacin da ake saƙa ta, kamar yadda take taɓa ƙwaƙwalwa da girman jiki. Ba mu san wani kaɗan da za mu ce wanga ba komai ba." Sai ta dubi zanen Jimma, ta ce, "Wanga kuma wata nawa?"

Ni uwa ce, amma wallahi sai lokacin na lura. Jimma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya shiga na uku."

Lokotoro ta ce, "An mayar da ke inuwa?"

"Tun da laulayi ya fara."

Munka dawo da magani da dokoki. Ba kanwa, ba gishiri mai yawa, ba dunƙulen miya na kanti, ba ƙwayar masu tire ko da kanshi zai tsage, ruwa mai tsabta ya sha ya ƙoshi, in masassara ta zo a duba fitsari, a riƙa awon tansiyo. Na ce Arzika wurina zai zauna, don ni ce mai lokacin tsare tukunya. Ya yi ta rigima da miyata. "Tsohuwa, miyarki ba ta da daɗi." Na ce, "Ci, maigida, wadda za ka aura bayana ma haka za ta yi maka." Na ƙara mashi daddawa da albasa har ya saba. Kumburi ya tafi, ya fara fita wasa.

Jimma kuwa ta koma ɗakinta da alkawarin za ta faɗa ma surukarta. Na san ɗiyata, na san kunya. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido gaban uwar mijinta, ita za ta ce mata tausayinki ne ya naƙasa jikanki? Ranar kasuwar garinsu na ɗaura zane na kama hanya.

Tun da aka yi auren ban taɓa shiga rumfar burkutun Gwamma ba, a cikin gida nake tsayawa. Ran nan na shiga. Maza zaune kan kututture, hayaniya, ga Jimma bisa kujera gaban randa. Ta cika ƙoƙo, ta kai baki, ta miƙa ma wani tsoho da ake kira Dari. Bai amshi ƙoƙon ba.

"A'a, amarya. Leɓe kinka jiƙa, maƙogwaro bai motsa ba. Ni ba yaro ba ne. Ko akwai abin da kinka sani a ciki?"

Mutane sunka yi dariya. Wani ya ce, "Dari, wa zai ɓata sammu a kanka? Kai da kake bakin rami?"

"Ramin nan da ƙafata nake son shiga. Haɗiye, amarya."

Na ga ta ɗaga ƙoƙon, idonta ya cika da ƙwalla. Na ce, "Jimma, aje."  Gwamma ta fito daga wurin tukwane, hannunta duk toka, ta ce, "Lale, uwar Jimma! Yau a rumfa? Ku ba ta wuri." Na ce magana gare ni, ta cikin gida ce.

Bayan rumbu munka zauna. Na faɗa mata duk abin da lokotoro ta ce, ban rage ba, ban ƙara ba, har da cewa ba ta rantse ba. Fuskarta ta canza.

"Uwar Jimma, ni na haifi takwas bakin wagga randa. Uwata ma haka. Yau za a ce abincina ne dafi? Ko ɗanki mai gemu ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni, uwar Nomau. Ban zo kashe maki wuta ba, dafa abinki. Bakin yarinyar nan kawai na zo roƙo har ta haihu ta yaye."

"In mayar da ita ɗaukar tulu da ciki? Gari ya ce Gwamma ta zama muguwa?"

Na ga in na ƙara kalma guda zumunci zai tsage, yarinya kuwa a hannunta take. Sai na ce, "To, bar maganata, ni ma ji na yi. An ba mu ranar komawa Doso. Ƙafafuna sun gaji, jikanki ne kamar yadda yake nawa. Zo ki raka mu." Ta daɗe tana kakkaɓe toka daga hannunta. Ta ce, "Har ranar, yarinya ta huta, ni zan zuba. Ba don na yarda ba."

Gwamma ba ta taɓa wuce Dutsi ba. Ta sa zanenta na biki, ta riƙe Arzika bisa cinyarta duk tsawon hanya. Da munka shiga ɗakin duhu na ce ma lokotoro, "Ga kakarshi ta wajen uba, ita ke da randar." Na zaci za ta yi mata faɗa. Sai ta gaishe ta da ladabi, ta jawo mata kujera, ta nuna mata ta dama, ta nuna mata ta hagu, ta yi mata bayanin rariya.

Gwamma ta san tata, ai aikinta ne. Ta ce, "In mataci ya yi ƙanƙanta, a hankali ake zuba mashi, in ba haka ba ya yage."

"Haka ne, Iya. Shi ya sa munka hana gishiri."

"Ba a ɗinka wani?"

"Ba a ɗinkawa."

"Nawa takwas fa? Ga su nan suna noma."

"Allah ya tsare su, ko kuma ba a duba ba. Ba kowane ɗa abin ke kamawa ba. Amma ba mu da hanyar sanin wanda zai kama sai ya kama."

 Gwamma ta nuna waje da haɓa, inda Jimma ke zaune, ta ce, "Na cikin fa? An rufe saƙarshi?"

"Ba a rufe ba. Yanzu ake cikin yi."

 A mota Gwamma ta sayi rake ta ɓare ma yaro, ita ba ta sha ba.

Kwana kaɗan sai ga amalanke ƙofar gidana, Nomau na jan jaki, Jimma bisa da kayanta da damin hatsi. Gwamma ta aiko a ce mani ta kawo ɗiyata goyon ciki. Kowa ya san goyon ciki na haihuwar fari ne, kuma sai ciki ya tsufa. Mata sunka yi ta magana a bakin rijiya. An ce da maganar ta kai kunnen Gwamma sai ta ce, "Wancan na fari ban yi shi daidai ba, shi nake sakewa. Wadda abin ya dama ta zo ta faɗa mani a rumfa." Ba wadda ta je. Gwamma ta ɗauki wata bazawara da ta daina haihuwa tana taya ta wuta, ita kuma ta zauna gaban randa. An ce Dari ya yi ƙorafi, wai burkutu ya fi daɗi in bakin yarinya ya taɓa. Ta ce mashi, "Bakin nan nawa ka yi shekara uku kana bi da goro kafin uban Nomau ya kada ka. Amshi ko ka tashi."

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba, don wata ukun farko sun riga sun wuce da kurɓinsu. Na kai Jimma awo kowane karo da ƙafata, kuma na ce ma ungozomar likita, in za ku tambayi mata, kar ku tsaya ga kina sha, ku tambaye su wane aiki suke yi. Ta ce ta ji. Farkon damina Jimma ta sauka, mace, mai nauyi, mai kuka kamar a tsaga ɗaki. Sai da anka yi arba'in, ranar komawar Arzika ta zo, munka ɗauki jaririyar munka tafi da ita, don lokotoro ta ce a kawo ta. Gwamma ba a gayyace ta ba. Mun iske ta bakin hanya tana jiran mota tun kafin mu iso.

An fara da Arzika. Ta dama na nan da ƙarfinta, tansiyo ya sauka, a ci gaba da yadda ake yi. Sannan anka kwantar da jaririya, tana ta wutsil-wutsil. Lokotoro ta goga nan, ta goga can. Ni ina ta salati a zuci. Gwamma ta kama mani dantse har sai da farcenta ya shiga.

"Ga ɗaya," in ji lokotoro. Ta juya ta. Ta daɗe, ko ni ce na ga daɗewar. "Ga ta biyu. Girmansu daidai da kwanakinta. Za mu riƙa dubawa tana girma, amma yau ban ga abin tsoro ba."

Sai Gwamma ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, cikin ɗakin nan mai duhu, guɗa irin ta kai amarya. Jaririya ta firgita ta tsala ihu, wani ma'aikaci ya banko ƙofa a guje shina tambayar wa ya mutu, lokotoro na dariya tana cewa, "Iya, nan likita ce, akwai marasa lafiya!"

Gwamma ta share ido da bakin zane ta ce, "To su ji, ɗiyata. Ai shi ya sa na yi da ƙarfi."

Ni ma shi ya sa na sa anka rubuta. Wadda ta ji, ta faɗa ma wadda ba ta ji ba.